Lamba Goma a Igiyar Baba

Talata, 2 ga Yuli, bayan la'asar

Mun dawo da Baba gida. Kafin mu fito likita ya ja ni gefe ya yi mini magana ƙasa-ƙasa. Na ji, na gyaɗa kai, kuma ba zan rubuta ta a nan ba. Ya ce a riƙa juya shi, a riƙa ba shi abu mai ruwa-ruwa, a kira duk wanda ya kamata a kira. Ta ƙarshen nan ce ta tsaya mini a rai.

Yau kwana tara da faɗuwarsa a filin tirenin, usur ɗinsa a baki. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ma ta bi su. Koci Bamalli guda, mai horar da ƙungiyar Guguwa shekara ashirin da shida, wanda in ya daka wa ɗan wasa tsawa har masu keke a bakin titi sai sun taka burki, yau shi nake goge wa baki da tsumma. Idon nan dai yana nan. Na ba shi kunu da ɗan zafi, harara ɗaya ya yi mini na shiga taitayina.

Na ɗauki hutu a ofis, na bar yara wajen babansu a Maje. Gwaggo Asibi, ƙanwar Baba, ta tare a ɗakin marigayiya Umma.

Na kira Yaya Munir. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Na ce, "Shi ke nan, Yaya?" Ya ce yana da aiki a hannu, Fauziyya, sai an jima. Ina jin ƙarar injin waldarsa kafin ya kashe. Daga Sabon Wuse, inda yake zaune, zuwa nan Suleja ko awa ɗaya ba a yi. Shekara tara rabonsa da gidan nan. Abin da nake so a duniya yanzu guda ɗaya ne, ya shigo ɗakin nan su yafi juna tun Baba yana gane mutane.

Laraba, 3 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba. Yaya bai kira ba.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan magariba

Gida ya cika maƙil. Ban san Baba yana da masoya haka ba, ban kuma san yana da maƙiya masu ƙoƙarin dubiya haka ba. Ba wuyar ganewa. Masoyi yana shiga zai sunkuyar da kai. Ɗayan kuwa sai ya tsaya ya ƙare masa kallo sama da ƙasa, ya tabbatar da idonsa, sannan ya ce sannu.

A zaure musu suke yi, sun manta akwai mace a bayan labule. Wani ya ce sau biyu Koci ya ɗauko kofi daga Minna da yaran da ko takalmin kirki ba su da shi. Wani ya ce azzalumi ne, yaran da ya kashe wa gaba sun fi waɗanda ya gina. Aka tuno marin da ya kwaɗa wa rafali har aka dakatar da shi shekara biyu. Aka tuno bokan da shugaban ƙungiya ya kawo ya binne laya a raga, Baba ya tono ta da hannunsa ya jefa a kwata. Aka tuno yadda ya zaunar da ɗan shugaban a benci kakar wasa guda ya ba Daniel kyaftin, gari ya ɗauka cewa ya fifita ɗan coci a kan 'ya'yan gida. Duk wanda ya yi magana gaskiya ya faɗa, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ina so in fita in kare shi, ban san daga wane gefe zan fara ba.

Babu wanda ya ambaci Yaya. Suna zuwa kusa sai su yi tari su sauya hanya.

Daniel ne ke riƙe da ƙungiyar yanzu. Safe da yamma yana nan, shi ke ɗaga Baba, shi ke yi masa aski. Na ce ya gaji ya je ya huta. Ya ce, "Sista, abeg bar wannan magana. Mutumin nan ya zage ni shekara goma sha biyar, bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba ko sau ɗaya. Amma da ba shi ba da yanzu ina tasha ina shan ƙwaya."

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Ranar wasa. Wajen bakwai na ji motsi a ƙofar gida, na leƙa. 'Yan wasa ne, sun fi ashirin, suna tsaye suna kallon igiyar da ke tsakanin zaure da mangwaro. Babu komai a kanta.

Haka Baba yake fitar da waɗanda za su buga. Ba ya kiran suna, ba ya rubutu, ba ya bayani. Ranar Juma'a zai wanke rigunan ƙungiya da hannunsa, ko Umma bai taɓa bari ta taɓa ba. Asabar bayan sallar asuba zai shanya goma sha ɗaya. Ka zo ka ga lambarka, ka cire abarka ka tafi fili. Ba ka gani ba, ka koma gida, kuma kada ka kuskura ka tambayi dalili. Na sha jin kukan ƙarti a gindin mangwaron nan ina yarinya. Tun lokacin na tsani igiyar.

Daniel ya fito ya karanta musu sunaye daga waya. Sun ji, amma sun daɗe ba su tafi ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, da azahar

Gwaggo ta ɗauko maganar ranar nan. Na ce mata na bar tukunya a wuta.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan isha'i

Bari dai in rubuta, ko ta sauka daga ƙirjina.

Yaya Munir ne lamba goma. Ba don yayana ba ne, duk garin nan an san ba a yi ɗan gaba kamarsa ba. Shekara tara da suka wuce wata babbar ƙungiya ta aiko mutane su kalle shi ranar Asabar, shi kaɗai suka zo dominsa. Ranar Alhamis da safe ciwon Umma ya tashi, Baba ya riga ya fita fili, Yaya ya goya ta a mashin zuwa asibiti. Ya iso tirenin ya makara da minti goma. Dokar Baba kuwa, wanda ya makara tirenin na ƙarshe ba shi da riga.

Baba ya san inda ya je. Matarsa ce fa. Umma daga kan gadon asibiti ta aika a roƙe shi. Dattawan unguwa suka zo. Ya ce in ya ɗaga wa ɗansa, da wane baki zai hana ɗan wani? Asabar Yaya ya fito, ya bi igiya daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Ina kallonsa ta taga. Bai yi kuka ba. Baƙin nan suka zauna rabin wasa suka shiga motarsu.

Wata huɗu bayan nan Umma ta rasu. Ana gama addu'ar arba'in Yaya ya ɗauki jakarsa. Bai sake taɓa ƙwallo ba.

Rabin gari sun ce a ranar suka yarda Koci adali ne. Rabi sun ce a ranar suka san ba shi da imani. Ni kuwa 'yarsa ce, kuma ƙanwar wancan, kowanne na ɗauka sai na ji na ci amanar ɗaya.

Talata, 9 ga Yuli, da yamma

Na je Sabon Wuse. Na sami Yaya yana haɗa ƙofar ƙarfe, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya ba ni benci, ya aika aka sayo mini lemo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya iya karɓar baƙo, wannan kam ba a gidan wani ya koya ba.

Na ce, "Yaya, lokaci fa ba ya hannunmu."

Ya ce, "Ya ce in zo?"

"Ba ya magana, Yaya."

"Da yana maganar ma bai ce ba. Shekara tara bakinsa lafiya lau."

Na ce uba ne, Allah ma zai tambaye ka. Ya ajiye abin hannunsa ya ce kullum yana yi masa addu'a bayan salla, kuma duk wata yana aiko da buhun shinkafa ta hannun Gwaggo, in tambaye ta. Ban sani ba wallahi. Ya ce, "Haƙƙinsa ina saukewa. Amma ba zan shiga gidan nan in durƙusa kamar ni na yi laifi ba. Ya nema, ko da yatsa ne, in zo a ranar. Shi fa, Fauziyya, ba ke ba."

Taurin kan nan iri ɗaya sak. Da za a gaya masa ya fi kowa kama da Baba da sai ya kore ni.

Alhamis, 11 ga Yuli, da hantsi

Na gama ba shi kunu na ce, "Baba, in ce Yaya Munir ya zo? Ɗaga mini yatsa kawai." Ya kalle ni, ya kalle ni, ya juya fuska bango.

Na fita bayan gida na yi kuka na haushi, ba na tausayi ba. Kana kwance sai an juya ka, amma girman kai yana nan da ƙafarsa biyu! Allah ya yafe mini, uba ne.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Na yi wani abu. Gwaggo ta ce ba ruwanta, daga baya ta ce to in Yaya ya tambaye ta za ta ce haka ne. Ƙarya ce ta gyara zumunci, haka na yi ta gaya wa kaina.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Yaya ya gane.

Asabar, bayan azahar

Jiya na buɗe akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gadon Baba yana barci. Lamba goma tana can ƙasa a ninke, tun ranar nan bai sake ba kowa ita ba. Na wanke ta na shanya a igiya ita kaɗai, na ɗauki hoto na tura wa Yaya. Na rubuta masa cewa Baba ne ya nuna akwati ya sa aka shanya, a gabansa, yadda yake so. Ya kira Gwaggo, ta ce haka aka yi.

Yau da safe ya kira ni. Muryarsa a kwance, da ma ihu ya yi.

Ya ce, "Fauziyya, jiya sai da na rufe shago. Na yi wanka, na sa kaya, na hau mashin. Na tsaya shan mai na sake buɗe hoton in ƙara kallo. Baba ba ya rataye riga ta kafaɗa kamar wankin mata. Juya ta yake yi, wuya a ƙasa, ya ƙulle bakinta biyu a igiya, don kada wuyan ya saki. Ko yana mafarki ba zai bari a shanya ta haka a gabansa ba."

Na sani. Wallahi na sani, na gani sau dubu. Hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Ya ce, "Sau biyu ke nan ana sa ni in zo igiyar nan in koma." Ya kashe.

Har ya hau mashin. Wannan ce ta ƙi barina.

Lahadi, 14 ga Yuli, da yamma

Na kira sau shida, bai ɗauka ba. Gwaggo ma ya daina ɗaukar nata. Na cire rigar na mayar akwati.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan magariba

Wani dattijo ya zo da ledar ayaba, ya ce sunansa Cletus. Daniel ya zaro ido ya raɗa mini cewa shi ne rafalin da Baba ya mara. Tun daga Minna ya taso. Na so in ce Baba yana barci, sai na tuna inda ƙarya ta kai ni.

Ya zauna a bakin gado ya ce, "Koci, ka gane ni? Wannan kunne har yau ba ya ji sosai, aikinka ne." Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce, "Fenariti ɗin nan ba daidai ba ne, na sani tun kafin in sauke usur. Marin ma ba daidai ba ne. Na jira ka ce mini sori shekara goma sha bakwai, na ga ni zan mutu ina jira. To na yafe, ko ba ka roƙa ba."

Baba ya miƙa hannun hagu ya kama nasa ya ƙi saki. Ruwa ya gangaro ta gefen idonsa. Tunda nake ban taɓa gani ba, ko ranar rasuwar Umma.

Bayan baƙon ya tafi Gwaggo ta shiga ta rufe ƙofa. Ina jin ta: "Yaya, bare ma ya zo daga wata uwa duniya. Naka yana nan kusa, ƙanwarsa har ƙarya ta yi da sunanka don ya zo, ta shanya riga ta kafaɗa ya gane." Ta zayyane masa komai. Da na shiga da magani ya yi mini wani kallo. Ba harara ba ce. Ban san sunan wannan ba.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Cokali huɗu kawai ya sha. Ruwa bai ɗauke ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan la'asar



Da safe Daniel yana yi masa aski sai Baba ya ture shi, ya riƙa buga gefen gado da hannun hagu yana nuna ƙasa. Muka ɗauka fitsari ne. Ya yi gurnani. Daniel ya jawo akwati. Muka riƙa ɗago riguna ɗaya-ɗaya yana kau da kai, har aka zo kanta. Ya fizge ta ya ɗora a ƙirji, ya nuna ƙofa.

Na ce Baba ana yayyafi. Wa ya tambaye ni? Daniel ya sungume shi kamar jariri ya fitar da shi ƙofar gida, ya riƙe shi a tsaye a jikinsa. Na kai hannu zan taya shi ya buge mini hannu. Ya juya rigar da kansa, wuya a ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ƙulli, sai ya kama bakin da haƙora ya ja. Ƙullin ya kwance. Ya sake. Miyau yana zuba, numfashinsa yana fita da ƙara, masu wucewa suka tsaya cirko-cirko. Ƙulli biyu ya ɗauke shi kusan minti ashirin. Da ya gama ya kalli hanya, wajen da ake shigowa unguwa, sannan ya kalle ni.

Babu wanda ya tuna da waya. Daniel hannunsa biyu suna riƙe da shi, ni kuwa ko gabana ba na gani. Sai da muka kwantar da shi na fito na ɗauki hoton rigar na tura. Na rubuta, Yaya wannan karon wallahi tallahi shi ne, da hannunsa da haƙoransa.

Bayan awa biyu ya amsa: "Kin koyi shanyar ke nan. Ni na koya miki ranar Asabar."

Juma'a, 19 ga Yuli, da safe

Na so in ɗauki bidiyon Baba yana nuna rigar. Ko kai ba ya iya ɗagawa yau, fitar jiya ta cinye ɗan ƙarfin da ya rage. Na ɗauka a haka na tura. Saƙon bai shiga ba, ya toshe lambata.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Daniel ya bar wasa ya tafi Sabon Wuse da ƙafarsa. Ya dawo ya zauna a zaure bai shigo ba, sai ni na fita.

Ya ce, "Sista, na rantse masa da Allah. Na ce ni na riƙe Koci, ga shaidar miyau a rigata. Ya ce, Kyaftin, kai ɗan gidansa ne, in Fauziyya ta roƙe ka rantsuwa goma za ka yi. Na ce ya zo ya tambayi maƙwabta. Ya ce ba zai sake hawa mashin a kan riga ba." Ya share fuska. "Amma fa sai da ya ɓata waldar da yake yi."

Yaran ƙungiya sun ga rigar da safe, babu wanda ya matsa kusa. An ce an cinye su biyu da nema. Da can da gidan nan bai zaunu ba.

Litinin, 22 ga Yuli, da azahar

Baba ya sa an juya gadon yana kallon ƙofa. Duk sallamar da aka yi sai ya buɗe ido. Mai ruwa. Liman. Mijina da yara. Ya buɗe, ya rufe.

Na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, ni na ɓata." Ya ɗora hannu a kaina, da nauyi, ya bar shi a nan. Ina shekara talatin da ɗaya, yau ne na farko.

Talata, 23 ga Yuli, da safe

Rigar ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Gwaggo ta ce a shigo da ita. Na ce ba wanda ya isa.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Na sake zuwa Sabon Wuse. Shago a rufe, maƙwabcinsa ya ce ya tafi aiki Kaduna sai ƙarshen mako. Matarsa Muhsina ta ce kwana uku ba ya cin abincin kirki, shi ya nemi aikin da kansa don ya bar gari. Ta ce za ta gaya masa na zo. A mota na yi ta kuka, wata mata ta ba ni gyaɗa.

Alhamis, 25 ga Yuli, da hantsi

Bai sha komai ba. Ido a ƙofa.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙarfe tara da kwata na safe.

Asabar, 27 ga Yuli, da azahar

Muhsina ce ta sami Yaya a waya. Ya iso ana gama wanka, da kayan aiki a jikinsa. Gwaggo ta ce ya daɗe tsaye a gindin mangwaro kafin ya shigo. Ni ban gan shi ba, ina cikin mata.

Bayan an sauko daga Juma'a aka yi masa salla a ƙofar gida. An ce layi ya kai har bakin titi, su Daniel da Cletus suna tsaye a gefe hannu a baya. Na lallaɓa na tsaya a bayan ƙyauren zaure. Liman ya ce, "Jama'a, Malam Bamalli ya zauna da mutane, mai zama da mutane kuwa sai ya saɓa musu. Duk wanda ya yi wa laifi, don Allah ya yafe masa." Gaba ɗaya suka ɗauka, "Mun yafe!" Har waɗanda suka kira shi azzalumi a zauren nan na ji muryarsu. Na kasa kunne ina neman murya ɗaya a cikin ɗaruruwa. Ban ji ta ba. Na ce wataƙila hayaniya ce.

Da suka dawo daga maƙabarta na tambayi Daniel. Bai iya ƙarya ba, shi ya sa na zaɓe shi. Ya ce, "Ina kallon bakinsa, Sista. Bai motsa ba. Amma an ce shi ya shiga kabari ya karɓe shi, bai bar kowa ya taya shi ba."

Litinin, 29 ga Yuli, da yamma

An yi addu'ar uku jiya. Yau gida ya yi shiru, sai kujerun haya da ba a kwashe ba. Tun Juma'a Yaya yake kwana a zaure yana karɓar gaisuwa, bai ce mini komai ba sai ya haƙuri.

Bayan la'asar ya shigo ɗakin Baba, ina naɗe zannuwan gado. Ya tsaya ya kalli yadda gadon yake fuskantar ƙofa. Ya ce wa ya juya shi haka? Na ce Baba ne ya sa.

Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Na duba ƙullin ranar da na zo. Ɗaya ya ɗaure, ɗaya a karkace, kuma akwai sawun haƙori a jiki." Ya ɗago ya kalle ni. "Fauziyya, yanzu babu abin da za ki samu in kin yi mini ƙarya. Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Yaya."

"Da kansa?"

"Na kai hannu ya buge ni."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya ce da liman ya ce a yafe, ya buɗe baki sai ya ji ba zai iya faɗa cikin taro ba, kamar kowa, kamar wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa. Ya ce shekara tara yana shirya abin da zai gaya masa ranar da ya nema. Da farko zagi ne, daga baya ya koma ƙorafi, a 'yan shekarun nan kalma biyu kawai suka rage, ba komai Baba.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Da ban yi ta farko ba da ka same shi."

Ya ce, "Ke na yafe miki, ga ki nan kina ji na." Ya juya ya kalli katifar da babu kowa. "To shi fa? Ni yanzu wa zan gaya wa?"

Na ajiye zannuwan. Na zauna kusa da shi a ƙasa har aka kira magariba.